Karo-karo ta intanet: nawa ne ke isa hannun makaɗin Arlit?

Karo-karo ta intanet hanya ce ta tara kuɗi daga hannun mutane da yawa, kowa da abin da ya sawwaƙa, domin a yi wani aiki da aka bayyana tun farko: naɗar faifai, shirya fim, sayen jita da lasifika, ko ceto wani daga halin da ya shiga. Tushen abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun san adashi, mun san gudummawar biki, mun san liƙin da ake yi wa makaɗi a filin rawa. Bambancin shi ne, a na intanet akwai kamfani a tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Kamfanin nan dillali ne, yana da la'adarsa, kuma yana iya canza ta ranar da ya ga dama ba tare da ya shawarci kowa ba.

Matasan makaɗa da mawaƙa na Arlit da Akokan sukan ji labarin wane ya tara miliyoyi ta intanet, sai su ce su ma a buɗe masu. Shi ya sa muka tattara wannan bayani wuri guda. Kafin mu shiga, a lura da abu ɗaya: duk inda muka ce dala, dalar Amurka muke nufi, ba dalar kasuwa ta tamma biyar ba. Jika kuwa kamar yadda aka sani, sefa dubu ce.

Me ya kawo maganar a garuruwan yuraniyom

Arlit gari ne da albashi ya gina. An kafa SOMAÏR a 1968, ta fara fitar da ƙarfe a 1971, COMINAK kuma ta biyo baya a Akouta, ta fara aiki a 1978. Shekara da shekaru albashin ma'aikatan nan shi ke juya kasuwa, shi ke ɗaukar nauyin aure da suna, kuma a wurin aure da suna ne mai jita yake samun abincinsa. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, ma'aikata kusan 600 suka tashi, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila. SOMAÏR ita ma ta shiga takaddama tsakanin gwamnati da kamfanin Orano, har aka mayar da ita mallakar ƙasa a watan Yuni 2025. Idan aljihun ango ya yi sauƙi, makaɗi ne na farko da ake rage wa.

Ga shi kuma a daidai wannan lokaci ne kiɗan jitar jihar Agadas ya yi farin jini a duniya. Bombino ya kai ga shiga takarar kyautar Grammy da faifansa na 2018. Mdou Moctar da Etran de L'Aïr suna cika dakunan wasa a Turai da Amurka. Arlit ma tana da nata rabon a tarihin wannan kiɗa, domin marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, a nan ya kafa makarantar koyon kiɗa. Wato masu son kiɗan suna can nesa da kuɗi a hannu, makaɗan suna nan. Tambayar ita ce ta ina kuɗin za su biyo, kuma nawa za a zaftare a hanya.

Waɗanda suka riga suka bi hanyar

Labarin Mdou Moctar ya isa misali, don ya taɓa kusan kowane irin tsari. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar. Ba kamfanin da ya sayar da shi. Daga salula zuwa salula waƙoƙin suka yi ta yawo ta bulutut da katin memori, har suka kai Mali. Suna ya tafi, kuɗi ba su zo ba. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin faifai na Sahel Sounds da ke birnin Portland, ya ji su, ya nemo mai su, ya saka ɗaya a cikin tarin Music from Saharan Cellphones na 2011.

Bayan haka ne suka yi fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai a Agadas, da harshen Abzinawa, wanda ya fito a 2015. Ta dandalin Kickstarter aka nemi kuɗin aikin. Sai kuma a 2023, lokacin da aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, Mdou da abokan kiɗansa suna rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki da sararin samaniya, hanyar gida ta toshe. Ta GoFundMe masoyansu suka tara masu kuɗin masauki da abinci har aka samu hanya.

Akwai wani gwajin da ya fi kusa da halin matashin Arlit. A shekarar 2020 Sahel Sounds ta riƙa fitar da ƙaramin faifai kowane wata mai suna Music from Saharan WhatsApp. Makaɗa su naɗi kiɗansu da salula, su tura ta WhatsApp, a ɗora a dandalin Bandcamp, ribar duka ta koma masu. Etran de L'Aïr ne suka buɗe jerin a watan Janairu.

To amma a lura da abin da ya haɗa duka ukun. A kowanne akwai wani mutum a Amurka da ya buɗe shafin da sunansa da asusunsa na banki. Za mu dawo kan wannan, don nan ne gizo ke saƙa.

La'ada iri nawa ce

Abin da ake cirewa kashi biyu ne, kuma mutane da yawa na farkon kawai suke dubawa. Akwai la'adar dandalin kansa, wadda ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Akwai kuma kuɗin sarrafa katin banki, wanda shi ma gida biyu ne: wani kaso cikin ɗari, da wani tsayayyen kuɗi da ake ɗauka a kan kowace kyauta, babba ce ko ƙarama.

Kickstarter, wanda ya fara a 2009, yana ɗaukar kashi 5 cikin 100, sannan kuɗin kati tsakanin kashi 3 zuwa 5. Ƙa'idarsa ko duka ko babu: idan ka ce yuro dubu biyar kake nema ka tsaya a dubu huɗu da ɗari tara, ko sisi ba za a cire daga katin kowa ba, kai ma ba ka samu komai. Ulule na Faransa, wanda ya fi sauƙi ga mai jin Faransanci, yana cire kusan kashi 8 idan an haɗa da kuɗin kati. GoFundMe ya janye la'adarsa ta kashi 5 a Amurka a ƙarshen 2017, ya koma roƙon mai bayarwa ya ɗan ƙara masa tukuici da son ransa, amma kuɗin kati na nan: kashi 2.9 da santi 30 a kan kowace kyauta.

Bandcamp ba karo-karo ba ne kai tsaye, kasuwa ce ta sayar da waƙa, sai dai mai saye yana iya biyan fiye da farashi don taimako. Yana ɗaukar kashi 15 a kan waƙar da aka sauke, ya rage zuwa kashi 10 idan cinikinka ya kai dala 5,000, sannan kashi 10 a kan faifan garmaho, kaset ko riga. Ranar 20 ga Maris 2020, da annobar korona ta hana wasanni, kamfanin ya yafe kasonsa na yini guda, aka yi cinikin dala miliyan 4.3 a ranar. Daga nan aka samu abin da ake kira Juma'ar Bandcamp. Mai dabara yakan ajiye sabuwar waƙarsa sai irin wannan rana. Sai dai kamfanin ya canza hannu sau biyu, Epic Games ta saye shi a 2022, ta sayar wa Songtradr a 2023, aka sallami kusan rabin ma'aikatansa. Rangwamen da ke hannun mai gida, idan gidan ya canza mai shi, ba abin jingina ba ne.

Santi 30 ɗin nan da ake renawa shi ne ke cin talaka. Mu ɗauki lissafin GoFundMe. Mutum ya ba da dala 100, za a cire dala 3 da santi 20, wato kashi 3 da ɗan wani abu. Mutum ya ba da dala 5, za a cire kusan santi 45, wato kusan kashi 9. Idan mutum biyar suka haɗa maka dala 500, dala 16 za ta tafi. Idan mutum ɗari ne suka haɗa dala 500 ɗin, dala 44 da rabi za ta tafi. Kuɗi ɗaya ne, amma mai tarin ƙananan masoya ya biya kusan ninki uku. Kuma makaɗin da bai yi suna ba, ƙananan masoyan nan su ne duk abin da yake da shi.

Darasin Patreon

Patreon ya bambanta da sauran, domin shi biyan wata-wata ne. Masoyi ya yi alkawarin dala ɗaya, biyar ko goma duk wata, mai fasaha ya samu abin da ya yi kama da albashi. Wani makaɗi ne ma, Jack Conte, ya kafa shi da abokinsa Sam Yam a 2013. A farko kamfanin yana ɗaukar kashi 5, kuɗin kati kuma ana cire su daga kason mai fasaha.

A farkon Disamba 2017 kamfanin ya ba da sanarwar sabon tsari. Daga yanzu mai bayarwa ne zai biya kuɗin kati, kashi 2.9 da santi 35 a kan kowane alkawari, shi kuma mai fasaha ya riƙa karɓar kashi 95 cif. A takarda kamar gata aka yi wa masu fasaha. A zahiri kuwa, mai ba da dala ɗaya ya ga za a riƙa cire masa dala ɗaya da santi 38. Wanda ke raba dala goma ga mutum goma, wanda a da sau ɗaya ake cire masa a wata, ya ga kuɗinsa sun doshi dala goma sha huɗu. Me kuke tsammani? Tun kafin tsarin ya fara aiki mutane suka shiga janye ƙananan alkawura. Masu zane, marubuta da makaɗa suka wayi gari suna kallon jerin masoyansu yana raguwa. Ranar 13 ga Disamba, ƙasa da mako biyu, Conte ya fito ya ba da haƙuri, aka soke tsarin. Amma soke tsari bai dawo da duk wanda ya tafi ba, don wanda ya rufe alkawarinsa sai ya ga dama zai sake buɗewa.

Kamfanin bai fasa ƙara kuɗi ba, salo ya canza. A 2019 ya fito da matakai uku ga sababbin shiga, kashi 5, kashi 8 da kashi 12, tsofaffi kuma aka bar su a inda suke. Daga 4 ga Agusta 2025 duk wanda ya buɗe sabon shafi kashi 10 zai biya, ban da kuɗin kati. Kun ga dabarar: ba a taɓa waɗanda ke da murya da jama'a ba, an ɗora wa wanda bai iso ba tukuna. Matashin Akokan da zai fara yau yana cikin waɗanda ba su iso ba.

Sannan ga Apple. Tun Nuwamba 2024, sabon alkawarin da aka ɗauka ta cikin manhajar Patreon a wayar iPhone, Apple na iya ɗaukar kashi 30 a kansa. Ko dai mai fasaha ya haɗiye asarar, ko a ɗaga farashi, abin dala 5 ya haura dala 7. Wanda ya biya ta shafin kamfanin kai tsaye ko ta wayar Android wannan bai shafe shi ba, shi ya sa masu fasaha ke roƙon masoyansu su kauce wa manhajar. Ko Spotify, da ba dandalin gudummawa ba ne, ya bi sahun matse na ƙasa: tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a cikin wata goma sha biyu ba, ba a biyan komai a kanta.

Ƙofar da ba ta buɗuwa daga Nijar

Duk wannan lissafi na wanda ya samu shiga ne. Kickstarter da GoFundMe kowanne yana da jerin ƙasashen da mazauninsu zai iya buɗe shafi ya karɓi kuɗi, kuma Nijar ba ta ciki. Mai katin banki a Yamai yana iya bayarwa, amma makaɗin Arlit ba zai iya karɓa da sunansa ba. Na Faransa ma, a aikace, ta hannun wata ƙungiya ko wani aboki mai asusu a can ake bi. Ke nan dole sai da ɗan tsakiya: kamfanin faifai, manaja, ɗan'uwa mazaunin Turai, ko baƙon da aka saba da shi tun zamanin yawon buɗe ido.

Bari mu yi misali, kuma misali ne kawai. A ce ƙungiyar makaɗa ta tara yuro 1,000 don naɗar faifai. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, farashin da ba ya motsi, wato kusan jika 656. Dandali ya cire kashi 8, saura yuro 920. Sai turowa gida. Bankin Duniya ya daɗe yana nuna cewa turo kuɗi zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara shi ne mafi tsada a duniya, kusan kashi 8 a kan dala 200, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya kashi 3 ne. Kuɗi masu yawa sukan fi sauƙi, don haka mu ce kashi 5. Saura yuro 874, kusan jika 573. Jika tamanin da ƴan kai sun tafi, kuma ɗan tsakiyar bai ɗauki ko tamma ba. Idan an yi wa masu bayarwa alkawarin faifai ko riga, kuɗin bugawa da na gidan waya daga nan za su fita. Idan hukumar harajin ƙasarsa ta ɗauki kuɗin a matsayin ribarsa, nan ma akwai abin da zai fita. Idan kuɗin dala ne ba yuro ba, akwai asarar canji. Makaɗa huɗu ko biyar ne kuma za su raba abin da ya rage.

Siyasa ma tana shiga. Daga 30 ga Yuli 2023 zuwa 24 ga Fabrairu 2024 Nijar tana ƙarƙashin takunkumin CEDEAO da UEMOA, kuma kowa ya ga yadda cire kuɗi a banki ya koma wahala. Kuɗin da ke asusun wani a Faransa ko Amurka, ko da naka ne halak malak, sai hanya ta buɗe za ka taɓa su.

Ba muna cewa ɗan tsakiya abin gudu ba ne. Ba don irinsu ba, da fim ɗin Agadas bai fito ba, da su Mdou sun sha wuya a 2023. Abin da muke cewa shi ne, a idon kamfanin, mai shafin shi ne mai kuɗin. Sunanka da hotonka suna sama, amma a doka ba ka da hannu a asusun.

Na gida fa?

Akwai hanyar da ba ta bi ta Turai. A Kano, a 2020, mawaƙi Dauda Kahutu Rarara ya nemi magoya bayan shugaba Buhari kowa ya turo naira dubu ɗaya kafin ya saki sabuwar waƙa, kuma kai tsaye ta asusun banki aka yi ta turawa. Abin ya jawo muhawara mai zafi, amma ya nuna cewa masu jin Hausa suna iya haɗa kuɗi don waƙa ba tare da wani dandalin waje ba.

A nan Nijar kayan aikin suna hannu: Nita, Amana, Al Izza, Airtel Money, Moov Money, da rukunin WhatsApp. Ƴan Arlit kuma sun watsu, wasu a Yamai, Tawa da Damagaram bayan rufe COMINAK, wasu a Tamanrasset da Libiya, wasu a wuraren haƙar zinariya irin Tchibarakaten. Waɗannan su ne suka yi rawa da kiɗan a bikinsu, ba sai an yi masu dogon bayani ba. Kuɗin turawa ma a fili yake, ana gaya maka tun a kanta.

Rauninta biyu. Na farko jika ɗaya ɗaya ce, ba za ta kai abin da masu yuro za su tara ba. Na biyu, babu allon da ke nuna wa kowa nawa aka samu. Kashi 5 ko 8 da dandalin waje ke ci, wani ɓangarensa kuɗin wannan allo ne, kuɗin amana. Wanda zai yi na gida sai ya ƙirƙiri nasa: lamba ɗaya tak ta karɓar kuɗi, ma'aji wanda ba ɗan ƙungiyar ba, da jerin abin da ya shigo da abin da ya fita ana sakawa a rukunin duk mako. A ganinmu, aikin da bai wuce jika ɗari biyu ko uku ba, kamar gyaran lasifika ko kwana biyu a sitidiyo a Agadas, bai cancanci wahalar dandalin waje ba.

Kafin a buɗe shafi da sunanka

Idan aikin babba ne har sai an nemi waje, to a zauna da ɗan tsakiyar a rubuta yarjejeniya, ko da a takarda ɗaya ce, da shaidu. A rubuta sunan wanda asusun yake hannunsa, ko zai ɗauki wani kaso da nawa ne, wa zai biya kuɗin turowa da na aika kyaututtuka, da ranar da kuɗin za su iso. A nemi ya turo hoton shafin lissafi na dandalin, wanda ke nuna abin da aka tara da abin da aka cire, ba adadin da jama'a ke gani a sama kawai ba. A tambaya ko tsarin na ko duka ko babu ne, don a san adadin da za a nema. A ƙara aƙalla kashi 15 a kan ainihin kuɗin aikin tun wajen sa buri. Masoya kuma a gaya masu gaskiya: dala 30 sau ɗaya ta fi dala 5 sau shida isa hannu.

Tara kuɗin faifai ba sayar da waƙa ba ne. A rubuta wannan ma a fili, kuma a yi rajistar waƙoƙin a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, kafin su fita. Wanda kuma yake da tsohon shafin Patreon da aka buɗe masa kafin 4 ga Agusta 2025, kada ya yarda a sauke shi da niyyar a sake ɗorawa daga baya, domin da zarar an sauke, tsohon farashi ya tafi, kashi 10 zai koma biya.